Nissan 350Z tana yanke totur jefi-jefi, P2135 yana dawowa ko bayan canza totur bodi

Bakanike_Kaduna ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a. Ina neman a taya ni duba wannan matsala.

Motar Nissan 350Z ce ta 2005, inji VQ35DE, giyar hannu mai shida. Totur ɗinta na lantarki ne, babu kebul tsakanin feda da inji.

Da safe in inji na da sanyi lafiya lau take. Sai an yi tafiyar minti 20 zuwa 30, inji ya ɗau zafi sosai, sannan ƙarfi ya ɗauke kwatsam. Kana taka feda amma sai a hankali take amsawa. Fitilar cek ta kama, fitilun SLIP da VDC OFF na tsarin hana santsi su biyo baya. In aka faka aka kashe, aka ɗan jira aka sake tayarwa, sai ta koma daidai. Wani lokaci ta daɗe ba ta yi ba, wani lokaci a fita ɗaya ta maimaita. An lura ta fi yi a hanya mai gargada, ko daidai lokacin da aka saki feda aka sake takawa da ƙarfi bayan canza giya.

Kod ɗin matsala da kwamfutar motar ke fitarwa kullum P2135 ne. Akwai lokacin da ya zo tare da P0123 da P0223.

Abin da aka riga aka yi: an wanke totur bodi, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, bai hana ba. An cire shi an sa na Beljiyam mai lamba iri ɗaya, ta ɗan lafa sannan ta dawo da halinta. Batir 12.6V a kashe, 14.1V in inji na aiki. A gareji mita tana nuna TPS1, sensa ta farko mai nuna buɗewar totur, kusan 0.7V in feda na sake, tana hawa sumul har ta wuce 4V, TPS2 kuma, sensa ta biyu, tana sauka yadda ya kamata. An sa sikana, na'urar karanta bayanan inji, irin ta ELM327 an zaga da motar, layin totur bai nuna wani tsalle ba, har lokacin da ta yanke ɗin.

Yanzu shawara ta rabu uku: wasu sun ce a sayi sabon totur bodi dal, wasu sun ce fedar ce, wasu sun ce ECM, wato kwamfutar inji. Mai motar ya gaji da sayen kaya. Ta ina ya kamata a kama?

Oga_Rewaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kada a sayi komai tukuna. Kod ɗin da ka kawo sun riga sun nuna hanya, in aka karanta su yadda Nissan ke nufi.

A cikin murfin totur bodin nan sensa biyu ce, kowace da layin kabon ɗinta da ɗan harshen ƙarfe da ke goga shi. Wuta ɗaya suke sha, 5V daga ECM, kuma nagetif ɗaya suke komawa. TPS1 tana hawa in faifai, wato ƙyauren da ke buɗe wa iska hanya a cikin totur bodi, na buɗewa, TPS2 tana sauka. Duk inda faifan yake, in ka haɗa lambobin biyu za ka samu kusan 5V. ECM tana kallon su tare kullum, kuma P2135 ma'anarsa kawai lissafin bai daidaita ba. Bai ce sensa ta mutu ba. Da zarar ta ga haka sai ta taƙaita buɗewar faifai, ta kuma rage saurin buɗewarsa, shi ne nauyin da direba ke ji. SLIP da VDC OFF biyo sahu suke yi, domin tsarin hana santsi ba ya aiki in ba zai iya sarrafa totur ba. Kada a taɓa ABS saboda su.

Wani abu da ke ruɗa mutane: a wannan mota ta 2005, P0122 da P0123 na TPS2 ne, P0222 da P0223 kuma na TPS1. Yawancin ƙananan sikana suna rubuta bayanin gama-gari ne, sensa A da sensa B, sai mutum ya je yana bin wayar da ba ita ba.

To kai ka samu P0123 da P0223 a tare, wato duka biyun sun yi sama a lokaci guda. Layin kabon biyu daban-daban ba sa lalacewa a sakan ɗaya, balle a totur bodi biyu a jere. Abin da suka haɗa shi ne wuta da nagetif. In 5V ce ta ɗauke, duka za su faɗi ƙasa, ka ga P0122 da P0222. In nagetif ne ya saki, duka za su haura wajen 5V. Naka sama suka yi. Don haka ni idona yana kan nagetif ɗin sensa, daga soket har ECM.

Soket ɗin totur bodi fil shida ne. Fil 1 shi ne 5V, yana zuwa daga fil 47 na ECM. Fil 4 TPS1 ne, yana shiga 50. Fil 2 TPS2 ne, yana shiga 69. Fil 5 nagetif ne, yana komawa 66. Fil 3 da 6 na 'yar motar lantarkin da ke juya faifai ne, wato motar totur. Ka gwada lambobin da zanen wayoyi na shekarar motar kafin ka soka allura, kuma kada ka dogara da kalar waya, don in an taɓa yi wa damin aiki kala ba ta da amfani. ECM tana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja.

Ka fara da abin da bai cin kuɗi. Kashe mota, cire nagetif ɗin batir, kwance ƙusoshin nagetif na jikin inji da na bodi, goge su har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure. Fil 1, 115 da 116 na ECM su ne nagetif ɗinta ita kanta, a can suke ƙarewa. Sannan ka cire soket ɗin totur ka haska shi da tocila: kore-kore, danshi, robar da ke hana ruwa ta tsage, ko fil ɗin da ya ja baya. Motocin da ake wanke wa inji da ruwa mai ƙarfi suna yawan tara ruwa a nan. Ka ja kowace waya a hankali ta baya, kusa da inda ta shiga soket. Wayar da ta karye a cikin roba za ka ji tana miƙewa kamar ba ƙarfe a ciki.

Gwajin da ya fi muhimmanci a nan shi ne na riƙo. Samo namijin fil mai girman na totur bodin daga wani mataccen soket, ka zura shi cikin kowane macen fil ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ka ji yana kamawa in za ka zare. Wanda ya zame ba tare da riƙo ba, ya buɗe. Abin da ke buɗe su yawanci tsinken mita ne da ake cusawa ta gaba. Shi ya sa ba a auna irin wannan soket sai ta baya, da siririyar allura, soket na jone.

In kana so ka ga faifai ya buɗe har ƙarshe inji a kashe, sai makulli na ON kuma giya na lamba 1. A mai otomatik sai an sa D. Mutane da yawa suna aunawa a furi, su ga bai kai ba, su ce ya lalace.

Mai_Sikana ya rubuta:

Na yarda da Oga a kan nagetif. Zan ƙara abu biyu da a cire daga lissafi tun da wuri, don suna kama da wannan a wajen direba.

Na farko suwic ɗin birki. In ECM ta ga alamar ana taka birki alhali ana taka totur, tana rage buɗewar faifai, motar ta yi nauyi ba tare da kod ɗin TPS ba. Ka duba BRAKE SW a sikana, ka tabbata yana komawa OFF duk lokacin da aka saki birki, ka kuma duba fitilun baya ko an sa ƙwan da bai dace da soket ba. In layin ya katse gaba ɗaya P1805 ne ke fitowa. Na biyu sensar kiransha da na kamsha, P0335, P0340 da P0345. Su ma zafi ke tayar da su kuma suna kunna SLIP, amma alamarsu daban: inji ya mutu gaba ɗaya, ko ya daɗe yana kik kafin ya tashi da zafi. Tunda babu kod ɗinsu kuma injinka bai mutuwa, ka ajiye su gefe.

Feda kuma tana da nata kod, P2138 in sensoshinta biyu suka saɓa, da P2122, P2123, P2127, P2128. Babu ko ɗaya a naka. Alaƙar da za ka riƙe ita ce layin 5V na totur yana tarayya da na sensa ta biyu ta feda a cikin ECM, don haka gajeren haɗi a can yana iya jawo 5V ƙasa a nan. Amma wannan ƙasa zai ja lambobi, ba sama ba.

Kafin ka goge kod a gaba, ka karanta bayanan da ECM ta ajiye a lokacin da ya faɗo: zafin ruwa, gudun mota, juyin inji, nauyin aiki. Su ne yanayin da za ka sake haɗawa a gareji.

Bakanike_Kaduna ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Ga sakamako.

An goge nagetif na inji da na bodi. Suwic ɗin birki lafiya. Bayanan da aka ajiye: ruwa 93°C, gudu kilomita 46 a awa, juyin inji 2,300. An cire soket ɗin totur da na ECM an auna daga fil 5 zuwa fil 66, mita ta ba da om 0.4, sauran ukun ma kusan haka. Babu kore a soket. Gwajin riƙo ne ba a yi ba tukuna, ana neman fil mai girman. An sa mita a MIN/MAX a kan TPS1 an girgiza waya da inji a sanyi, ba ta kama komai ba.

Abin da na gani: kusan taƙi ɗaya daga soket, damin wayoyin an naɗe shi da baƙin tef wanda ba na kamfani ba. Ban buɗe ba tukuna. Tunda om ya fito daidai, shin wayar ba ta fita daga zargi ba?

Injiniya_Osilo ya rubuta:

Ba ta fita ba, Malam. Om 0.4 bai wanke ta ba ko kaɗan.

Mita in tana auna om, 'yar wuta ce ƙanƙanuwa take turawa, kuma waya na kwance ba motsi, a sanyi. Silin tagulla ɗaya da ya rage a cikin waya zai ba ka om 0.4. Macen fil da ya buɗe amma yana ɗan taɓa namijin shi ma haka. Matsalarka kuwa zafi da jijjiga ke kawo ta, bayanan da ka karanta ma sun faɗa: 93°C, ana cikin jan mota a ƙaramin giya, lokacin da inji ke karkata a kan sit ɗinsa yana jan damin waya.

Dalilin da ya sa ELM327 ba ta ga komai ba shi ne jinkiri. Motar 2005 ta layin K take magana da irin wannan sikana, mai gudun bit 10,400 a sakan, tambaya ɗaya amsa ɗaya. In ka zaɓi abu shida kana kallo, kowanne sai ya yi kusan sakan guda kafin ya sabunta. Yankewar da ke jefa ECM cikin kariya tana iya zama guntun sakan. Ban da haka lambar totur ɗaya tak take ba ka, ba biyu ba. Ko a babbar sikana mai karanta bayanan Nissan akwai tarko: ECM tana juya lambar TPS2 a cikinta kafin ta nuna, sai ka ga THRTL SEN 1 da THRTL SEN 2 duk suna hawa tare. Wannan ba matsala ba ce, haka aka tsara. Lissafin haɗa biyu ya ba da 5V a kan waya yake aiki, ba a fuskar sikana ba. Mita kuma fuskarta sau biyu zuwa huɗu take canzawa a sakan, MIN/MAX na yawancinsu sai abu ya kai wajen milisakan 100 suke riƙe shi.

Abin da ke kama irin wannan osiloskof ne, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, ko da mai arha ne na USB, muddin yana da layi huɗu. Ka jona a bayan soket ɗin totur: layi ɗaya a fil 4, ɗaya a fil 2, ɗaya a fil 1, ɗaya a fil 5. Baƙar wayar na'urar a nagetif ɗin batir. Kada ka sa ta a fil 5, don in ka yi haka ka ɗauki wanda ake zargi ka mai da shi ma'auni, laifinsa ba zai fito ba. Sa tsayi 1V a kowane gida, lokaci milisakan 200 zuwa 500 a gida, ka kunna rikodi.

Ina so a tsaya a kan dalilin layi huɗu, don a nan ƙwararru ma ke sayen totur bodi a banza. Oga ya faɗi gaskiya cewa in nagetif ya katse ɗungurungum duka biyun sama za su yi. Amma mafi yawan lokaci ba katsewa yake yi ba, tsayayya ce ke shiga na ɗan lokaci. Ka ɗauka faifai na kusa da rufe, TPS1 na 0.7V, TPS2 na 4.3V. In fil 5 ya tashi daga sifili zuwa 1V, harshen TPS1 yana kusa da ƙarshen nagetif, don haka zai ɗauki kusan duka tashin, ya koma wajen 1.56V. Harshen TPS2 yana can kusa da ƙarshen 5V, abin da zai ƙaru masa 0.14V ne kawai, ya koma 4.44V. A fuskar na'ura mai layi biyu za ka rantse TPS1 ce kaɗai ta yi tsalle, ka ce layin kabon ɗinta ya cinye. Alhali jimla ta koma 6V, ƙarin 1V ɗin nan kuma na nagetif ne. Haka in 5V ce ta sauka zuwa 4V a wannan matsayi: TPS2 za ta faɗi zuwa 3.44V, TPS1 ta sauka zuwa 0.56V wanda ido ba zai lura ba, sai a ɗora wa TPS2 laifi. Wannan ya dace da abin da kake gani: kullum P2135 shi kaɗai in tsayayya ce, ranar da ya saki gaba ɗaya kuma P0123 da P0223 suka fito. In layi biyu kaɗai gare ka, ka riƙe faifai a rabi, inda duka ke wajen 2.5V. A nan matsalar wuta ko nagetif za ta motsa su daidai wa daida zuwa gefe ɗaya.

Yadda za ka tayar da ita: bar inji ya yi zafi har fanka ta kama, bonet a rufe, sannan ka kashe ka bar shi minti goma zafi ya ratsa wayoyi. Buɗe makulli, giya 1, wani ya taka feda a hankali cikin sakan 8 zuwa 10 har ƙasa, ya sake a hankali. Maimaita sau da yawa. In tsalle yana fitowa a matsayi ɗaya na faifai kowane zagaye, a layi ɗaya, 5V da nagetif ba su motsa ba, to layin kabon ne, kuma yawanci a ƙaramin buɗewa ne inda ƙafa ta fi zama. In hawan sumul ne, a riƙe feda wuri ɗaya, kai kuma ka fara motsa soket sama da ƙasa, sannan damin waya taƙi-taƙi, kana ƙwanƙwasa murfin sensa da bayan sukudireba. Ka yi hattara da yatsunka, kada su kusanci faifai makulli na ON, motar totur ɗin nan tana da ƙarfi. In bai fito ba, hura wa wurin iska mai zafi da na'urar busar da gashi, kada ya wuce 60°C, ka sake girgizawa.

In ka ga tsallen a soket, sai ka koma bayan ECM ka kalli 66. In fil 5 ya tashi amma 66 na zaune a sifili, matsalar tana tsakaninsu. In 66 ma ya tashi, to nagetif ɗin ECM ne, 1, 115 da 116, ko ita kanta. Tsakanin 66 da nagetif ɗin batir kada ya kai 0.1V ko da fanka, esi da manyan fitilu na kunne. Amma ka lura, in laifin a bakin macen fil 5 yake, wato tsakaninsa da namijin, allurarka da ke bayan soket tana gefen mai lafiya, za ta nuna sifili. Alamar a nan ita ce jimlar TPS1 da TPS2 ta haura 5V alhali layin fil 5 shiru.

In babu osiloskof, ƙwan 12V mai wat 5 zai yi aiki a kan waya. Cire soket ɗin ECM da na totur duka biyu, ba wa wayar wuta daga batir ta fiyus a gefe ɗaya, ƙwai a ɗaya gefen zuwa nagetif, ka girgiza kana kallon haske. Yana jan kusan amfiya 0.4, ya isa ya tona silin da ya rage. Kada a kuskura a yi wannan ECM na jone, garin neman gira a rasa ido.

Bakanike_Kaduna ya rubuta:

An samu aron osiloskof. Hawan faifai sumul ne a zafi da sanyi. Da aka lanƙwasa damin a wurin tef ɗin nan, fil 5 ya yi tsalle zuwa wajen 1.2V, TPS1 ta bi shi, motar totur ta yi ƙara, P2135 ya faɗo nan take. 66 bai motsa ba. An buɗe tef: wayoyi uku an murɗe su da hannu babu darma, ta nagetif ta yi baƙi, ragar da ke lulluɓe da wayoyin an yanke ta an bar ta. Gwajin riƙo kuma fil 5 da fil 4 duk sun saki. Sit ɗin inji na gefen direba ya fashe. Wani ya ba da shawarar a ja sabuwar waya daga fil 5 kai tsaye zuwa jikin inji a huta. Ya kuka gani?

Oga_Rewaya ya rubuta:

A'a, kada a yi haka. Fil 5 ba nagetif ɗin bodi ba ne, nagetif ɗin ma'auni ne. ECM tana auna TPS1 da TPS2 ne a kan abin da ke fil 66. Jikin inji kuwa wutar altaneta, koyil da kik duk ta nan suke bi, tsakaninsa da 66 ana samun ɗan bambanci mai canzawa da nauyin wuta. In ka ɗaure fil 5 a can, wannan bambanci zai shiga cikin siginar, silo ya riƙa yawo, P2135 ya dawo ranar da fanka da esi suka kama tare. Daga 5 zuwa 66 za ta tafi, ba tsayawa a hanya.

Tunda fil biyu sun saki, a canza soket ɗin gaba ɗaya da wutsiyarsa. A kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ana samun damin injin VQ35DE da aka yanka, na Murano, FX35 ko G35. Ka je da totur bodin a hannu ka gwada shigarsa, ka yi wa kowane fil gwajin riƙo a wurin, ka yanko da tsawo, aƙalla santimita 25 zuwa 30. Jerin fil za ka bi wajen haɗawa, ba kala ba. Matse macen fil da allura yana riƙewa na ɗan lokaci ne, ƙarfen da ya riga ya buɗe zafi na sake buɗe shi.

Yanke tsohuwar wayar baya har inda tagulla ke da haske. Baƙar tagulla ba ta kama darma. Haɗin kowace waya ya zama a wuri daban, tazarar santimita 2 zuwa 3, kada su taru su yi ƙulli. Ko matsewa da ƙaramin bututun haɗi da filaya ta ainihi, ko darma kaɗan wadda ba ta gudu cikin waya ba, don inda darma ta tsaya nan waya ke taurara ta karye. A rufe kowanne da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Ragar nan dole a mayar da ita: ita ke kare siginar daga hayaniyar wayoyin motar totur da ke gefenta, wadda ake kunnawa ana kashewa da sauri. A haɗa ta da wadda ta rage ta lulluɓe wurin, kada silinta ko ɗaya ya taɓa wayar sigina. A bar wa damin ɗan sassauci, a mayar da shi cikin maƙalansa. Soket da maganin wanke lantarki ake wanke shi, ba fetur ko na kabureta ba. Sit ɗin inji kuma a canza, in ba haka ba injin zai ci gaba da jan sabon haɗin.

Tsohon totur bodin kada a yar, akwai yiwuwar lafiyarsa ƙalau. In za a mayar da shi, sabon gasket, ƙusoshi huɗun da alanki 5, a ɗaure su a gicciye wajen 8 zuwa 9 Nm. Motarsa tsakanin fil 3 da 6 om 1 zuwa 15 take bayarwa.

Tunda an cire soket ɗin ECM da na totur, sai an sake koya mata matsayi, kuma a jere. Na feda: ƙafa a sake, ON sakan 2, OFF sakan 10, ON sakan 2, OFF sakan 10. Na rufewar faifai: ON, sannan OFF ka jira sakan 10, za ka ji motar totur tana motsi. Na iskar silo shi ne mai wahala. Inji da giya su yi zafi, ruwa tsakanin 70 da 100°C, batir sama da 12.9V a silo, giya a furi, sitiyari a miƙe, esi da fitilu da duk wani nauyi a kashe. Kashe ka jira sakan 10. ON, jira sakan 3. Taka feda har ƙasa ka saki sau 5 cikin sakan 5. Jira sakan 7. Taka har ƙasa ka riƙe. Bayan kamar sakan 10 fitilar cek za ta fara ƙiftawa, kada ka saki, in ka saki a nan karanta kod za ta shiga yi. Ci gaba da riƙewa har ta daina ƙiftawa ta tsaya a kunne, wajen sakan 20 ke nan, sai ka saki cikin sakan 3, ka tayar da inji, ka bar shi sakan 20. Ba shi wuta sau biyu ko uku ka duba: silo 650, da rangwamen 50 sama ko ƙasa. A yi da agogo a hannu, ƙirgen baki na sa a rasa lokacin. In silo ya tsaya sama ko P0507, kod ɗin silo ya yi sama, ya fito, a nemi inda iska ke shiga ta bayan sensar iska kafin a maimaita.

Injiniya_Osilo ya rubuta:

Ƙari ɗaya a kan na Oga. Kada a naɗe damin a rufe sai an maimaita gwajin da ya tona matsalar, a zafi ɗaya, da lanƙwasa ɗaya, na'ura na jone a layi huɗun. Fil 5 ya zauna ƙasa da milifolt 50 duk yadda aka motsa shi, jimla kuma ta tsaya wajen 5V daga rufe har buɗe. Sannan a goge kod, a ja wayoyin na'urar zuwa cikin mota nesa da salansa da belt, wani na tuƙi wani na kallo, a bi hanya mai gargada da inji a 90°C ko sama, ana saki ana takawa a giya 2 da 3 wajen juyi 2,000 zuwa 2,500. P2135 a tafiya ɗaya yake kunna cek, ba ya jiran ta biyu, don haka in saura wani abu a wannan fitar zai nuna. Ramukan da allura ta bari a robar bayan soket a toshe su da ɗan silikon kafin a mayar da murfin inji.